Boren Masu Sauke Waƙa a Amurka da Teburinka na Turi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da teburin caji da turin waƙoƙi a bakin tasha. Wani ɗan jami'a da ke zama wurina ya ce in daina jin nauyin sana'ata, wai ko a Amurka talakawa sun yi wa kamfanonin waƙa bore kan tura waƙa kyauta, kuma sun yi nasara. Haka abin yake?
Mai turi, daga Funtuwa

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. An yi boren kam, amma abokin naka bai kai maka labarin ƙarshe ba.

A 1999 wani ɗalibi, Shawn Fanning, ya fito da manhajar Napster, wadda ke ba mutum damar kwaso waƙa kai tsaye daga kwamfutar wani. Ƙungiyar manyan kamfanonin faifai ta Amurka, RIAA, ta kai ƙara, aka rufe Napster a 2001. Kafin a ce kwabo irinsu Kazaa sun maye gurbinta. Da kamfanonin suka ga sun kasa kashe manhajojin, sai suka juya kan masu sauraro. A Satumban 2003 suka maka mutum 261 a kotu a rana ɗaya. Cikinsu har da yarinya 'yar shekara 12 a Niyok, wadda aka biya dala 2,000 kafin su janye. Wata uwa a jihar Minnesota aka yanke mata dala 222,000 a 2007 kan waƙoƙi 24. Da aka sake shari'ar a 2009 sai kuɗin ya haura dala miliyan 1.9, daga baya ya dawo inda ya faro. Waƙa 24 fa, abin da kai kake turawa kafin shayinka ya huce.

Dama jama'a na cike da kamfanonin. A 2002 waɗannan kamfanoni da wasu manyan shagunan faifai sun yarda su biya fiye da dala miliyan 67 don kashe ƙarar da jihohi suka shigar, ta zargin haɗa baki wajen tsadar faifai. Wanda ake zargi da tatsar mutane shi ne ya dawo yana kiran 'ya'yansu ɓarayi.

Waɗanda suka fi burge ni a boren su ne wasu matasa a garin Worcester na jihar Massachusetts da suka kafa ƙungiyar Downhill Battle a 2003. Ba su da kuɗi, ba su da gidan rediyo. Sai su shiga manyan kantuna su manna 'yar takarda a jikin faifai, mai gargaɗin cewa kuɗin da ka saya da shi ake kai yara da iyalai kotu. Suka buɗe asusun taimaka wa waɗanda aka kai ƙara. Da kamfanin faifai na EMI, mai haƙƙin faifan ƙungiyar mawaƙan Beatles, ya hana yaɗa wani kundi da mai haɗa kiɗa Danger Mouse ya haɗa daga muryar mawaƙi Jay-Z da kiɗan Beatles ɗin, sai suka sa ranar Talata, 24 ga Fabrairun 2004, shafukan intanet kusan 170 suka ɗora kundin a fili na yini guda, kowa da sunansa, duk da wasiƙun barazanar lauyoyi. A Disambar 2008 RIAA ta ce ta daina wannan farauta, bayan ta bi ta kan mutum fiye da 30,000.

Ina tare da masu boren ɗari bisa ɗari. Amma dokar haƙƙin mallaka ba ta motsa ba. Kasuwa ce ta sauya: shagon waƙa na intanet, iTunes, ya zo a 2003 yana sayar da waƙa ɗaya a kan senti 99, Spotify na sauraron waƙa ta intanet ya biyo a 2008.

Ga inda nake so ka tsaya ka duba. Hujjar matasan nan ita ce kamfani na cinye kuɗin faifai, mawaƙi na samun ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, don haka suke kira a tallafa wa mawaƙi kai tsaye. Kuma masu musayar nan ba sayarwa suke yi ba. Kai kuwa kuɗi kake karɓa. Sannan a wurinmu yawanci babu wani katafaren kamfani a tsakiya. Mawaƙin ne ya biya kuɗin situdiyo daga aljihunsa, ya sallami mai kiɗa da 'yar amshi. Duk wanda ya san yadda kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai a Kano take a da, ya san su wa suka kwana ciki da ta durƙushe.

Ban ce ka naɗe teburinka ba, abincinka ne. Mawaƙa da yawa da kansu suke sakin waƙa kyauta don ta zagaya, su samu gayyatar biki da taro. Irin waɗannan ka tura da zuciya ɗaya. Wanda kuwa ya fito ya ce kundinsa na sayarwa ne, ka dakata masa. Idan kuna da ƙungiyar masu turi a garinku, ku nemi wakilinsa ku yi ciniki, ku saya a hannunsa sannan ku tura.