Tambaya da Amsa: Wane ne mabushin da ke bayan muryar Aretha Franklin?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai sha'awar tsofaffin waƙoƙin baƙaƙen fatar Amurka ne. A waƙar Aretha Franklin mai suna "Respect" akwai inda muryoyi ke tsayawa, sai wata busa mai kauri ta karɓe, amma duk inda na ji waƙar sunan Aretha kaɗai ake ambata. Wane ne mabushin, kuma me ya sa ba a faɗin sunansa? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka ji saksofon ne, abin busa na ƙarfe wanda wani mutumin Beljiyam mai suna Adolphe Sax ya ƙera, ya yi masa rajista a 1846. A bakinsa akwai ɗan siririn harshe na kara da ke karkarwa idan iska ta ratsa shi, kusan irin yadda algaita take. Wanda ya busa shi a wannan waƙa da aka ɗauka a birnin New York a watan Fabrairun 1967 kuwa shi ne Curtis Ousley, wanda aka fi sani da King Curtis.

An haife shi ranar 7 ga Fabrairu, 1934, a garin Fort Worth na jihar Texas. Ya fara busa yana ɗan shekara 12, ya kuma yi makarantar sakandare ɗaya da Ornette Coleman, wanda shi ma ya shahara da saksofon a kiɗan jaz. Bayan ya yi aiki da ƙungiyar makaɗin jaz Lionel Hampton, sai ya tare a New York a farkon shekarun 1950, inda ya rungumi sana'ar da ita ce amsar tambayarka ta biyu, wato busar haya.

Mabushin haya ba yaron kowane mawaƙi ba ne. A nan ya bambanta da masu kalangun marigayi Mamman Shata, waɗanda su ma ba kowa ya san sunayensu ba, amma suna da ubangida ɗaya da suke bi duk inda ya sa ƙafa. Shi mabushin haya kamfanin faifai ne ke kiransa ta waya, a sa masa rana da lokaci, ya zo ɗakin ɗaukar waƙa da akwatinsa a hannu. Sai ya jiƙa harshen karan a bakinsa, ya ɗaura shi, sannan ya saurari waƙar da galibi bai taɓa ji ba. A nuna masa gurbin da aka bar masa, wanda sau da yawa bai kai rabin minti ba, a ce ya cike shi da abin da zai zauna a kunnen mutane. A ƙa'idar ƙungiyar makaɗan Amurka zama ɗaya awa 3 ne, kuma ladan a ƙayyade yake. Da an tashi an sallame shi ke nan: ko faifan ya kwanta a kanti, ko ya yi kasuwar da ba a taɓa gani ba, kason ciniki na mawaƙi ne da marubucin waƙa da kamfani. A wancan zamani ma ƙananan faifai ba su cika ɗaukar sunayen makaɗa ba sam.

A ganina an tauye waɗannan mutane, domin sau da yawa abin da suka ƙirƙira nan take shi ne abin da mai sauraro ke riƙewa. Dubi "Yakety Yak" ta ƙungiyar Coasters, wadda ta hau matsayi na ɗaya a Amurka a 1958. Waƙa ce ta barkwanci a kan iyaye masu yi wa yaro faɗa, sai Curtis ya sa saksofon ɗinsa yana tsinkewa yana haɗawa da sauri kamar mai in'ina, har ka rantse bakin mutum ne ke mita. Mabusa da yawa sun kwaikwayi wannan salo bayansa. A shekarar kuma Curtis ya yi wa mawaƙi Buddy Holly busa, kuma kamfanin faifai na Atlantic ya riƙa kiransa a kai a kai.

Sai dai Curtis bai yarda ya ƙare a inuwar wasu ba. Ya fitar da nasa faifan "Soul Twist" a 1962, ya kuma yi kasuwa sosai. A 1965 ƙungiyarsa na cikin waɗanda suka share wa ƙungiyar mawaƙan Ingila ta Beatles fage a filin wasa na Shea da ke New York, kuma akwai lokacin da shahararren makaɗin jita Jimi Hendrix ya kaɗa masa jita kafin duniya ta san Hendrix ɗin. Curtis ya karɓi Grammy, babbar lambar yabo ta kiɗa da waƙa a Amurka, a 1970. Ya zama jagoran makaɗan Aretha, ya raka ta wasannin da ta yi a zauren Fillmore West na San Francisco a watan Maris na 1971, inda aka ɗauki faifai biyu, ɗaya da sunanta, ɗaya da sunansa. Idan kana son jin sa sosai ba a taƙaice ba, nasa za ka nema. A watan Yuli na shekarar ya yi wa John Lennon, tsohon ɗan ƙungiyar Beatles, busa a waƙoƙi biyu na faifan "Imagine".

Wata guda bayan haka, ranar 13 ga Agusta, 1971, ya dawo gidansa da ke titi na 86 a Manhattan ɗauke da na'urar sanyaya ɗaki, ya tarar da wasu mutane a bakin ƙofarsa. Gardama ta kaure, ɗayansu ya daɓa masa wuƙa, ya kuma cika a asibiti yana da shekara 37. Jesse Jackson, fasto mai fafutukar kare haƙƙin baƙaƙen fata, shi ne ya yi wa'azi a wurin jana'izarsa, Aretha da Stevie Wonder suka rera waƙa. Da gidan karrama mawaƙan rok da ke Cleveland ya buɗe rukuni na musamman domin makaɗan da ke bayan fage a shekarar 2000, King Curtis na cikin mutum 5 na farko da aka shigar.