Lami, Gaya da Wanda Ya Bar Nama da Gangan

Wata malamar makaranta daga Argungu ta aiko da tambaya: me za a kira mutumin da ba ya cin nama alhali yana da halin saye? Ta ji ana cewa "mai cin ganyayyaki". Tana kuma son sanin ko karin maganar nan "tuwon girma miyarsa nama" ta rage masa daraja.

Malama, "mai cin ganyayyaki" bai kwanta mini ba. Mutumin nan yana cin wake, awara, ƙuli-ƙuli da shinkafa, ba zogale kaɗai ba. Lami da gaya kuwa babu ce ta haife su: miya lami ita ce wadda aka kaɗa ba nama ba abin armashi, gaya kuma tuwo ne ba miya. Shi wannan da kuɗinsa a aljihu yake wuce teburin mahauci. Don haka na fi son "mai ƙaurace wa nama", domin ba a ƙaurace wa abu sai da niyya.

Su ma iri-iri ne. Wasu suna shan nono, suna cin ƙwai. Wasu naman tudu kawai suka ajiye, suna cin kifi. Irin wannan ba zai kwana da yunwa a bakin kogin Matan Fada na Argungu ba. Masu tsanantawa ko zuma da man shanu ba sa taɓawa. A 1944 suka kafa ƙungiyarsu a Ingila, bayan ta masu barin nama da aka kafa can tun 1847. Masu tsanantawar sai sun nemi bitamin B12 daga wata hanya.

Dalilan ma sun bambanta. Mabiya addinin Jain a Indiya gudun cutar da mai rai suke yi, har albasa da tafarnuwa da yawansu ba sa ci. Kiristocin Orthodox na Habasha suna barin nama ranakun Laraba da Juma'a. Wani lafiyarsa yake dubawa, wani tausayin dabba ne. Musulmi na iya bari, muddin bai ce haramun ne ba.

Karin maganar kuwa ba tukunya take nufi ba. Nama shi ne abu mai tsada a miya, sai Bahaushe ya ce mai son a kira shi babba dole ya yi ɗawainiya: ya sauki baƙo, ya biya kuɗin makarantar ɗan ƙanensa, ya kai gudummawar biki. Mai yin haka ya cika sharaɗinta, ko da hoce da kwaɗon tafasa ne abincinsa.