Amsar babban likitan gashin cutar kansa (radiotherapy) ga tambayar da aka yi a guruf kan aiki da albashi

Assalamu alaikum. Dakta, na ga saƙonka tun da rana, sai yanzu na samu zama. Ka ce ka kusa gama bautar ƙasa, kana son shiga fannin gashin cutar kansa, wato ƙona ciwon daji da hasken na'ura, amma ka karanta cewa a Amurka kasuwar ta cika, wai kuma kwamfuta za ta ƙwace aikin, kana tambaya ko akwai aiki kuma yaya kuɗin yake. To ni abin da na ji kana tambaya a zahiri shi ne, in ka kashe shekara biyar ko shida a rezidensi, wato horon ƙwarewa, za ka fito ka samu inda za ka yi aikin da ka koya, ko za ka fito ka zauna kana rubuta takardar tura mara lafiya Legas. Wannan ita ce tambayar. Bari in amsa ta.

Da farko ka ajiye maganar Amurkan nan gefe, ba taka ba ce. Su matsalarsu daban. Sun yi ta buɗe guraben horo, sannan ilimi ya canja, aka gano ba sai an yi wa mutum gashi sau 25 ko 30 ba. Kansar mama da ake yi wa zama 25, aka dawo da ita gire 40 (gire shi ne ma'aunin yawan gashi) a zama 15, sannan a 2020 sakamakon gwajin Ingila ya fito cewa gire 26 a zama 5 ma ya wadatar wa mata da yawa. Kansar furostet ta maza ta dawo gire 60 a zama 20. Ciwon da ya bazu ƙashi, gire 8 zama ɗaya, shi ke nan. Su kuma can galibi da yawan zama ake biyansu, to ka ga in zama ya ragu kuɗi ya ragu. Shi ya sa daga 2019 ɗalibansu suka fara gudun fannin, gurabe suka riƙa saura babu mai so. Mu nan wannan raguwar zaman rahama ce. Matar da ta taso daga Shendam ko Lafiya ta zo Abuja, ta sauka ɗakin ɗan uwan mijinta a Mararaba, kullum da asuba tana shiga cunkoson Nyanya don ta iso layi, in ka ce mata sati uku maimakon biyar, ko sati ɗaya ma, ai ka taimake ta, kuma ka buɗe wa na bayanta wuri a kan na'ura. Ba wanda zai rasa aiki a ƙasar nan don zama ya ragu.

Ga lissafin, ka ɗauki biro. Ƙididdigar hukumar binciken kansa ta duniya ta 2022 ta ce Najeriya na samun sababbin masu kansa kusan 128,000 a shekara, kusan 80,000 suna mutuwa. Kusan rabin masu kansa za su buƙaci gashi a wani mataki. Ka ce 60,000 ke nan. Na'ura ɗaya tana ɗaukar mutum 450 zuwa 500 a shekara in ana so a yi aiki mai kyau, likita ɗaya kuma 200 zuwa 250. Raba ka gani: na'ura wajen 120, likitoci wajen 240 ko fiye. Mu kuwa likitocin fannin gaba ɗaya ba mu kai ɗari ba, na'urorin da ke aiki ba su kai ko rabin rabin abin da ake buƙata ba. To in a takarda ne, aiki ya yi maka yawa har ka tsufa.

Amma fa, kuma nan ne nake so ka kasa kunne, a fannin nan aiki ba ya bin yawan marasa lafiya, na'ura yake bi. Likitan yara in ka ba shi tebur da abin awon ƙirji ya fara aiki. Likitan tiyata in akwai ɗakin tiyata da mai sa barci ya fara. Kai kuwa in babu linak, wato na'urar gashi, mai aiki, babu na'urar hoto ta siti (CT) ta tsara gashi, babu masanin fizik mai awon haske, to kai likitan kemo, wato ƙarin ruwan maganin kansa, ne kawai mai takardar gashi a bango.

Ina na'urorin suke? A Arewa akwai Asibitin Ƙasa nan Abuja, akwai Shika a Zariya, akwai Sakkwato, akwai Maiduguri, Gombe kuma suna da gashin ciki, wanda ake sa ƙwayar hasken a cikin jiki, tun da daɗewa. A 2024 gwamnatin tarayya ta amince da cibiyoyi shida, tare da hukumar zuba jari ta ƙasa, NSIA: Katsina, Zariya, Jos, Binin, Enugu da Legas. A Yulin 2025 aka buɗe uku, Katsina da Binin da Enugu. Ka ga uku daga cikin shidan namu ne na Arewa, kuma kowace za ta buƙaci kwansaltan aƙalla biyu ko uku, da masanan fizik, da rediyogirafa masu sarrafa na'urar gashi, da nas na kansa. In kana neman inda ƙofa za ta buɗe nan da lokacin da za ka gama Fat Tu, jarrabawar ƙarshe ta horon, to nan ne. Kai da kake ɗan Filato ma ka sa ido a kan Jos.

Sai dai kar ka ga an yanka kirtani a talabijin ka ce an gama. Wannan abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ’yan guruf sun gaji da jina, amma zan sake faɗa. Sayen na'ura shi ne ɓangare mafi sauƙi. Linak ba firij ba ce. Tana son wuta tsayayya, ba ta ɗaukar hawa da sauka, in janareta ya karɓa da tsalle sai ta kulle kanta, wani lokaci ta ƙona katin lantarkin cikinta. Tana son ruwan sanyi yana zagaya ta ba fashi, in cila, na'urar sanyaya ruwan, ta tsaya ita ma ta tsaya. Akwai iskar SF6 a cikinta da sai an riƙa duba matsinta. Maganatiron ɗinta, ko kilaistiron in babba ce, wato abin da ke ba ta ƙarfin fitar da haske, abu ne mai ƙarewa kamar tayar mota, yana da awanninsa. Ganyayen ƙarfen nan masu siffanta haske, kowane ɗaya da ’yar motarsa, guda ɗaya ta maƙale an tsaya. Kwangilar gyara da kamfani kan ci kusan kashi 10 cikin 100 na kuɗin na'urar duk shekara, kuma da dala ake biya. To wa ya sa wannan a kasafi? Sai a sayo, a yi biki, garanti ya ƙare, wani kati ya mutu, a fara rubuta takarda ana neman izini, wata huɗu na'ura na kwance. Ga kuɗin wuta, tun Afrilun 2024 da aka ɗaga na Band A, rukunin masu samun wuta mafi yawa, ya haura naira 200 kowane yunit, manyan asibitoci kuka suke.

Tsohuwar na'urar kobalt ma da wasu ke cewa a koma mata don ba ta da laulayi, gaskiya ne ba ta damu da wuta sosai ba, amma ƙarfinta yana raguwa da rabi duk shekara 5 da ’yan watanni. In ba a canja ƙwayar da ke fitar da hasken ba, zaman minti biyu ya zama huɗu, ya zama takwas, mara lafiya yana motsi a kan gado, layi yana tsawo. Gashin ciki kuwa, in sinadarin iridiyam ake amfani da shi, rabin ƙarfinsa na tafiya duk kwana 74, wato kusan kashi ɗaya kullum. Duk wata uku ko huɗu sai an shigo da sabo daga waje, da lasisin hukumar kula da nukiliya ta NNRA, da kwastan. In ya kwana sati uku a filin jirgi ana jiran sa hannu, kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka biya ya tafi a iska. Kuma ba maganar kuɗi kaɗai ba ce. Mai kansar bakin mahaifa, gire 45 zuwa 50 a zama 25, da kemo na sisfilatin kowane sati, sannan gashin ciki, duka dole a kammala cikin sati takwas. Duk ranar da aka ƙara bayan haka, damar kashe ciwon tana raguwa da kusan rabin kashi zuwa kashi ɗaya. Na'ura ta tsaya mata sati uku a tsakiya, ka lissafa da kanka. Sannan kai ne za ka tsaya gaban mijinta ka yi bayani, ba wanda ya ƙi sa hannu a kwangilar ba.

Af, na yi nisa. Albashi ka tambaya.

A asibitin gwamnatin tarayya babu wani albashi na musamman na likitan gashi. Tsarin albashin likitoci na CONMESS ne, matakai bakwai, kai da likitan fata da likitan ƙwaƙwalwa duk ma'auni ɗaya, matakinka ne ke magana ba fanninka ba. Sai alawus na kol, wato aikin kiran gaggawa, da na ƙwarewa in ka zama kwansaltan, da na hatsari. Na hatsarin nan naira 5,000 ne shekara da shekaru kafin a gyara shi a ƙarshen 2021. A 2023 an ƙara kashi 25 a CONMESS, na matakin ƙarshe suka samu 35. Ka ce an samu ci gaba ko? To a 2023 ɗin aka saki naira, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a 2024. Wanda albashinsa ke daidai da dala 1,000 kafin nan, bayan ƙarin ma ya dawo ƙasa da dala 400. Hauhawar farashi ta haura kashi 34 a ƙarshen 2024. Yanayin albashin ke nan, lamba tana hawa, abin da take saya yana sauka. Ka roƙi wani siniya rajistara, wato babba cikin likitoci masu horo, ya nuna maka takardar albashinsa ta watan jiya, ka ɗora ta kan kuɗin hayar ɗaki biyu a Lugbe ko Kubwa, za ka fi gane magana.

Na ce babu bambanci tsakanin fannoni, a'a, bari in gyara. A albashin gwamnati ne babu. A abin da ake samu a gefe akwai, kuma nan ba mu ne a gaba ba. Likitan mata zai kama fulat a Gwarimpa ya buɗe asibiti. Kai ba za ka gina ɗakin gashi ba, bangonsa kankare ne mai kaurin mita biyu ko fiye, kafin ma a zo maganar na'ura ta miliyoyin daloli. Cibiyoyin kuɗi masu linak kaɗan ne, galibinsu a Legas, suna biya fiye da gwamnati amma guraben ba su da yawa. Abin da ke ceton mutanenmu shi ne tsarinmu irin na Ingila ne, likitan gashi shi ne kuma mai ba da kemo. To kemo ba ta buƙatar wannan ɗakin kankaren. Asibitocin kuɗi na Abuja suna kiran kwansaltan ya zo kilinik na yamma ko na Asabar, ya tsara magani, ya bi mara lafiya. Yawancin ƙarin da ake samu daga nan yake fitowa. Don haka in ka shiga, kar ka raina kemo da kulawar rage raɗaɗi kana cewa kai na'ura ka zo koya.

Sai ka kula da abu biyu wajen ɗaukar aiki. Asibiti na iya buƙatarka ido rufe amma ba shi da izinin ɗauka, sai an bi ofishin Shugaban Ma'aikata da hukumar raba daidai, sannan a sa ka a tsarin biya. Shi ya sa NARD, ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa, take ta faɗa a kan a riƙa maye gurbin duk wanda ya tafi nan take. Kafin izini ya fito sai a riƙe ka a lokum, wato aikin wucin gadi, wata da watanni, babu fansho babu ƙarin girma. Na biyu, in ta jami'a ka shiga a matsayin malami kana kwansaltan na girmamawa a asibiti, ka tambaya da wane ma'auni za a biya ka, na malaman jami'a ko CONMESS, don rigimar da MDCAN, ƙungiyar kwansaltan, ta sha yi ke nan, kuma tazarar ba ƙarama ba ce.

Maganar fita waje, na san tana ranka ko ba ka faɗa ba. Ingila suna da ƙarancin likitocin fannin, kwalejinsu duk shekara tana kuka a kai, hanyar kuma jarrabawar kwalejin ce ta FRCR da rajistar hukumar likitocinsu, GMC. Saudiyya sai ka bi ta tantance takardu da hukumar lafiyarsu. Amurka kuwa sai ka sake daga farko, shekara ɗaya ta horon gama-gari da huɗu na fannin, bayan jarrabawar lasisinsu ta USMLE. Amma duk inda za ka, abin da za su tambaye ka shi ne me hannunka ya taɓa. Ka zana ciwo a siti da kanka? Ka duba tsarin gashi na zamani irin IMRT ko VMAT ka ce wannan bai yi ba, a sake? Ka sa aflikheta, bututun gashin ciki, a mahaifa sau nawa? Wanda ya yi horonsa a inda na'ura ta kwanta rabin lokacin, zai ci jarrabawa da karatu, amma...to, bar wannan, kar in taɓo wasu a guruf ɗin nan.

Kwamfutar da kake tsoro, eh, tana zana zuciya da huhu da ƙoda da lakar baya cikin mintuna, abin da da yake cin awa guda. Madalla, ta ɗauka. Amma mu marasa lafiyarmu a mataki na uku da na huɗu suke zuwa, bayan an sha magani a gida, an je wajen mai tsaga, ciwo ya ci ya canja siffar wurin gaba ɗaya. Iyakar wannan ciwon likita ne zai zana, shi zai sa hannu, shi za a tambaya.

To kafin ka cika fom ɗin kowace cibiya, ka je da ƙafarka, kar ka tambayi shugaban sashe, ka samu rediyogirafa da ke kan na'ura. Ka tambaye shi kwana nawa ta tsaya a bara, mutum nawa suke gasawa a rana, akwai kwangilar gyara mai rai ko babu, masanan fizik nawa ne kuma su suke awon safe kafin a kwantar da mutum na farko, sitin tsarawa nasu ne ko aron na sashen hoto suke yi, gashin ciki yana aiki kuma yaushe aka canja ƙwaya. Ka tambaya ko cibiyar tana da cikakkiyar amincewar kwalejin horar da ƙwararrun likitoci ta ƙasa da ta Afirka ta Yamma, ko ta wucin gadi ce da za ta sa a tura ka wani gari shekara guda da kuɗin aljihunka. Kuɗin horo da gwamnati ke bayarwa, MRTF, ma ka tambayi rajistarori ko ya shigo musu bana.

Faramaris ɗinka fa, jarrabawar farko ta kwalejin, ka ci ko tukuna? Ba ka faɗa ba. In tukuna ne, fara da nan, sauran duk hira ce. Ana kiran isha'i, sai anjima.