Ko kumfa kaɗai tana wanke mota? Amsa ga mai son wanke motarsa a gida a Legas

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina zaune a Agege, ina da mota Toyota Corolla baƙa. Kwanan nan na lura idan rana ta haske fentinta ana ganin ƙananan zane-zane masu zagaye kamar saƙar gizo-gizo. Wani abokina ya ce aikin masu wankin mota ne, ya ba ni shawarar in sayi abin fesa kumfa in riƙa wanke ta da kaina. Na ga ana lulluɓe mota da kumfa a ɗauraye, shi ke nan ta fito fes. Gidan haya nake, ruwanmu na burtsatse ne da ake turawa tanki, wuta ba ta da tabbas, janaretona kuma ƙarami ne. Wane iri ya kamata in saya, kuma zan iya zuba omo a ciki?

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, abokinka ya faɗi gaskiya a kan musabbabin zanen, amma akwai gyara a kan abin da kake sa ran kumfa za ta yi maka. Kumfa share fage ce. Aikinta shi ne ta jiƙa datti ta sassauta shi, ta kwaso yashin da ke kwance a jikin mota ta sauko da shi ƙasa, domin lokacin da hannunka zai taɓa fenti ya zamana babu abin da zai karce shi. Wankin hannu yana nan daram bayan kumfar, kuma wanda ya sayi na'urar da zaton ya rabu da bokiti zai ga kamar an cuce shi.

Dalilin da ya sa nake ba wannan mataki muhimmanci yana cikin yadda ake fentin mota. A saman launin akwai wani shafi mai sheƙi, garai-garai, wanda kaurinsa a yawancin motoci bai wuce kashi 1 cikin 20 na milimita ba, wato bai kai kaurin gashin kai ba. Ƙwayar yashi ta fi wannan shafi tauri nesa ba kusa ba. Idan mai wanki ya tsoma soso a bokitin da ya riga ya wanke tayoyin wata motar da shi, ya ɗora a kan bonet ɗinka yana murzawa a zagaye, kowace ƙwayar yashi da ta maƙale a soson tana barin layinta. Baƙar mota ta fi kowace tona wannan asiri, saboda zanen fari-fari yake fitowa a kan baƙi. Ba masu wanki kaɗai ke da laifi ba kuwa. Al'adar da yawancinmu muka saba da ita, ta share ƙura da busasshen tsumma kowace safiya kafin a fita, musamman lokacin hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, tana yin ɓarnar da ta kai ta mai wanki ko ta fi. Ina roƙonka ka fara da daina wannan tun kafin ka sayi komai.

Abin da kumfa ba ta iya cirewa ita kaɗai shi ne dauɗar hanya, wannan siririn maiƙon da ke haɗuwa daga hayaƙin gas na tireloli da tankoki, da baƙin mai da ke zuba a kwalta, da garin burki. Motar da ta bi hanyar Apapa ko ta yi awa biyu a cunkoson Oshodi tana ɗauke da shi ko da ido bai gani ba. Bayan ka ɗauraye kumfa, ka ja yatsa a ƙasan ƙofa, za ka ga layi mai tsabta a tsakiyar duhu-duhu. Wannan sai hannu.

Na'urorin fesa kumfa iri uku ne a kasuwa, kuma ruwa da wutar gidanka ne za su zaɓa maka, ba kyan kwali ba. Na farko, wanda kake gani yana fitar da kumfa mai kauri tana manne wa mota, gora ce mai cin kamar lita 1 da ake ɗaurawa a bakin injin wanki mai ƙarfin feshi. Irin waɗannan injuna na gida suna cin wuta tsakanin wat 1,400 zuwa 1,800, suna kuma ba da matsin ruwa na kimanin bar 100 zuwa 130. Ƙaramin janareton da aka fi sani a gidajen haya, wanda ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba, ba zai ɗauke shi ba, kuma da yake injin yana jan wuta fiye da ƙima a lokacin tashi, mai son amfani da shi a janareto ya nemi mai ƙarfin kVA 2.5 ko sama. Ta fuskar ruwa kuwa injin yana da tattali fiye da yadda ake zato, domin lita 6 zuwa 7 yake ci a minti ɗaya. Jarka ɗaya ta mai ruwa, mai lita 25, za ta yi maka kusan minti 4 na feshi ba tsayawa, don haka jarka biyu zuwa uku sun isa wankin Corolla idan kana sakin kunamar bindigar feshin duk lokacin da ba ka buƙatar ruwa.

Iri na biyu shi ne wanda ake haɗawa da tiyo kai tsaye ba tare da inji ba. Shi ne ya fi jan hankalin mutane saboda arha, kuma shi ne nake hana mazauna irin gidanka saye. Da matsin ruwan famfo yake aiki, yana son kimanin bar 3, alhali ruwan da ke gangarowa daga tanki yana samun bar 1 ne kacal a kowace mita 10 ta tsawo. Tankin da ke bisa ƙarfe mai mita 5 ko 6 rabin bar yake bayarwa. Abin da zai fito daga bakin bindigar ruwan sabulu ne tsararo, yana zuba kusa da ƙafarka.

Na uku gorar hannu ce mai cin lita 1.5 zuwa 2, wadda ake buga mata iska da hannu sannan a danna ta fesa. Ba ta son wuta, ba ta son tiyo, kuma a halin da ka bayyana ita nake ba ka shawara ka saya. Kumfarta ba ta kai ta inji kauri ba, za ka kuma tsaya ka ƙara buga iska sau da dama kafin ka zagaye motar, amma tana yin aikin da ake nema. Ka lura da abu ɗaya a wajen saye: gorar fesa kumfa tana da wani soso ko raga a cikin bakinta wanda ke gauraya iska da ruwan sabulu, ita kuwa gorar feshin fulawa ko ta maganin ƙwari ba ta da shi, kodayake a ido sun yi kama. Ka sa mai shago ya kwance bakin ka gani. Idan daga baya Allah ya hore ka sayi injin, ka tabbatar bakin gorar kumfar ya dace da bindigar injinka, saboda kowane kamfani da irin mahaɗarsa, kuma ƙananan injuna sun fi ba da kumfa mai kauri da ƙofar feshi ta milimita 1.1 maimakon ta 1.25 da aka saba sakowa a ciki.

Batun omo, amsata a'a ce. An yi garin wanki ne domin ya cire maiƙo daga tufafi, yana da kaifi, kuma yana wanke man kariyar da aka shafa wa fenti, ya busar da robobin gefen gilashi, ya sa baƙaƙen robobin bamba su koɗe su yi fari. Garin da bai narke ba kuma yana toshe ragar gorar. Sabulun ruwa na wanke-wanke ya fi omo sauƙi, amma shi ma cire maiƙo ne aikinsa, don haka yana cinye man kariyar. Ka nemi sabulun ruwa da aka yi musamman don mota, wanda aka rubuta a jikinsa cewa ma'aunin pH ɗinsa, wanda ke nuna kaifin sabulu, na tsaka-tsaki ne, wato kusa da 7. Ana samunsa a shagunan kayan mota na Ladipo da manyan kantuna. Wajen haɗi ka bi abin da ke rubuce a robar, tare da kiyaye wani bambanci da ke rikita mutane da yawa. A gorar inji ana zuba kamar mililita 100 na sabulu a cika da 900 na ruwa, saboda injin zai ƙara tsarma shi da ruwa mai yawa yayin feshi. A gorar hannu kuwa abin da ka haɗa shi ne zai sauka a kan motar, don haka sabulun da ake buƙata kaɗan ne ƙwarai. Yawan sabulu ba ya ƙara tsabta, wahalar ɗauraya yake ƙarawa.

Ga yadda wankin yake tafiya. Ka zaɓi sanyin safiya ko bayan la'asar, a inuwa, kuma ka ɗora bayan hannunka a bonet: idan da zafi, ka jira. Ka fara da tayoyi da bokitinsu da burushinsu daban, domin nan ne mafi ƙazanta, kuma kayan taya kada su kusanci fenti har abada. Idan akwai taɓo mai kauri a ƙasan ƙofofi, kamar yadda ake samu a damina, ka zuba ruwa ya sauke shi tukuna. Sannan ka fesa kumfa daga ƙasa zuwa sama, domin ɓangaren da ya fi datti ya fi daɗewa a jiƙe. Ka bar ta minti 3 zuwa 5. Idan ka tsaya kusa da ƙofar baya ka kalli kumfar da ke gangarowa, za ka ga ta tashi daga fari ta koma ruwan ƙasa, kuma a inda take ɗiga a siminti za ka ga yashi ya taru. Wannan yashin ne da soso zai murza a fentinka. Kada ka bari ta bushe, ko da minti 3 ba su cika ba, saboda busasshen sabulu yana barin tabo. Ka ɗauraye daga rufi zuwa ƙasa.

Yanzu ne hannu zai shiga, da bokiti biyu: ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ruwa zalla. Ka yi amfani da safar hannu ta wanki mai laushin zare, irin wadda ke haɗiye datti cikin gashinta, ba soson katifa ko tsohuwar riga ba. Ka tsoma a ruwan sabulu, ka wanke ɓangare ɗaya, rufi misali, kana jan hannu a miƙe ba a zagaye ba, ba tare da dannawa ba. Ka wanke safar a ruwa zalla, ka matse, sannan ka koma bokitin sabulu. Ƙasan ƙofofi da bamba su ne na ƙarshe. Idan ka gama ka leƙa gindin bokitin ruwa zallan, za ka gane dalilin da ya sa aka ce biyu.

Ruwan Legas yana da nasa hukuncin a wannan aiki. Wata burtsatsen tana ba da ruwa mai ƙarfe, wanda ke fitowa garau amma ya koma ruwan ɗorawa idan ya kwana a buɗe, a unguwannin da ke kusa da teku kamar Lekki da Ajah kuwa akwai masu gishiri-gishiri. Irin wannan ruwa yana rage kumfa, kuma idan ya bushe a jikin mota yana barin ɗige-ɗige masu wuyar fita, waɗanda a baƙar mota ba sa ɓoyuwa. Idan naku mai ƙarfe ne, ka tara shi a duro ya kwana, ka ɗebi na sama. Gishiri ba ya kwantawa, don haka mai irin wannan ruwa ya nemi wani don ɗauraya ta ƙarshe, kuma ruwan sama da aka tara bayan rufin kwano ya wanku yana da kyau sosai. Ko wane ruwa ne, kada ka bar iska ta busar maka da mota. Ka tsane ta nan take da babban tawul mai laushi wanda ba a amfani da shi a wani aiki, kana shimfiɗa shi kana ja a hankali.

Idan ka koma amfani da inji wata rana, ka yi amfani da baki mai faɗin feshi, ka bar tazarar aƙalla santimita 30 tsakaninsa da fenti, ka kuma nisanci wurin da fenti ya fara ɓamɓarewa, musamman idan an taɓa yi wa motar gyaran bodi. Kada ka fesa ƙarƙashin bonet, inda akwai akwatin fis da wayoyi da na'urorin da ruwa mai ƙarfi ke lalatawa. Mahaɗar waya kuma kada ta kwanta a jiƙaƙƙen siminti, kada kuma ka yi aikin ba takalmi, domin ruwa da wuta sun hallaka mutane. Ƙarƙashin motar kuwa yana son ruwa zalla mai yawa duk lokacin da ka ratsa ambaliya, tun da taɓon da ke maƙalewa a can yana riƙe danshi, danshin Legas kuma da iskar teku suna gaggauta tsatsa.

Zanen da ya riga ya fito kumfa ba za ta goge shi ba. Wannan aikin mai folish ne da inji, kuma da yake folish yana cin wani abu daga wancan siririn shafi, ba abin yawaitawa ba ne. Ka fara gyara yadda kake wanki, sannan ka kai a yi folish sau ɗaya a wurin wanda ya iya, a shafa man kariya, ka riƙa sabunta shi bayan kowane wata biyu ko uku.

Tun da gidan haya kake, ka tsayar da motar kusa da kwata yadda ruwan sabulu ba zai malale tsakar gida ya sa yara ko tsofaffi su zame ba, kuma ka yi magana da maƙwabta a kan ruwan tanki kafin ka fara ɗiba. Wanki sau ɗaya a mako ya wadatar, sai dai kashin tsuntsu, wanda ke cin fenti idan rana ta gasa shi, shi kam a jiƙa shi a ɗauke a ranar. Bayan kowane wanki ka juye ragowar sabulun, ka zuba ruwa zalla a gorar ka fesa har ya fito garau, ka saki iskar da ta rage a ciki kafin ka ajiye ta a inuwa, domin sabulun da ya bushe a raga shi ne ke sa gora ta daina kumfa bayan 'yan makonni.