Amsa kan gargaɗin SSH cewa mabuɗin saba ya sauya

Ɗan'uwa, ka ce tun da ka sake girka manhajar sabarka (kwamfutar da ka yi haya kake sarrafawa daga nesa), SSH, wato manhajar shiga saba cikin tsaro, yake hana ka shiga, yana gargaɗin cewa mabuɗinta, wato lambar da ake tantance ta da ita, ya sauya. Girkawar ce ta samar da sababbin mabuɗai, alhali kwamfutarka tana riƙe da tsohon a fayil ɗin ~/.ssh/known_hosts. Amma kada ka yi gaggawar goge shi, domin wannan gargaɗin ake gani idan wani ya shiga tsakani yana kwaikwayon sabar. Ka fara shiga sabar ta allon sarrafawa da ke shafin kamfanin da ya ba ka hayarta, ka duba shaidar mabuɗin (gajeren jerin haruffan da ke wakiltarsa) da umarnin ssh-keygen -lf /etc/ssh/ssh_host_ed25519_key.pub. Idan ta yi daidai da ta cikin gargaɗin, sai ka cire tsohon da ssh-keygen -R tare da sunan sabar.