Amsa ga ƙanenmu kan dattawan da ke gina ƙananan jiragen ƙasa

Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da dare. Ku yi haƙuri, muryar za ta ɗan yi tsawo, rubutu ba zai ɗauke ta ba.

Ƙanena, na saurari saƙonka. Ka ce maƙwabcinka, wani dattijon Bature, ya ba yaronka takardar gayyata zuwa baje kolin ƙananan jiragen ƙasa da ƙungiyarsu za ta yi ranar Asabar a zauren wata makaranta, yaro ya matsa sai an je, kai kuma kana tambaya ko ba ɓata lokaci da kuɗi ba ne, kuma me ke sa mutum da furfurarsa ya zauna yana wasan yara. Na ga Hajiya ma ta sa baki ta ce ai rashin aikin yi ne. To ranki ya daɗe, ki ba ni aron kunne kaɗan, don na jima ina cikin irin wannan ƙungiya a nan garin da nake, kuma abin yana raina.

Amsata a gajarce: ka kai shi. Kai ma ka shiga, kada ka ajiye shi a ƙofa ka koma mota.

Abin da mutanen nan suke yi ya wuce sa jirgi ya yi ta zagaye a kan tebur. Wuri suke ginawa. Mutum zai zaɓi tasha guda, ta gaske, ya zaɓi shekara, a ce wata ƙaramar tashar ƙauye a 1955, sai ya shiga neman tsofaffin hotuna da taswira da jadawalin jiragen wannan lokaci. In ginin yana nan, zai je da tef ya auna shi, wani har layin bulo yake ƙirgawa daga ƙasa zuwa taga. Sannan ya dawo ya rage komai da ma'auni ɗaya. A nan Ingila wanda aka fi amfani da shi shi ne OO, wato a raba girman abu gida 76. Milimita 4 a tebur na tsaye a madadin ƙafa ɗaya a fili. Mutum a wannan ma'auni bai fi gaɓar yatsa ba. A Jamus da Amurka sun fi son HO, kashi 1 cikin 87. Masu ƙaramin ɗaki sukan koma N, wanda faɗin layinsa milimita 9 ne kacal. Kamfanin Märklin na Jamus ma ya fito da Z a 1972, kashi 1 cikin 220, kan jirgin kana iya rufe shi a tafin hannu.

Bari in ba ka misali ɗaya da zai nuna maka yadda suka ɗauki abin da gaske. Faɗin layin dogo na ƙa'ida milimita 1435 ne, irin wanda aka shimfiɗa daga Abuja zuwa Kaduna aka buɗe a 2016. In ka raba shi da 87 zai ba ka 16.5, to HO ya zauna daidai. Amma jiragen Ingila jikinsu ya fi na Jamus da Amurka ƙanƙanta, kuma a da can injin lantarkin da ake sa wa a ciki bai ƙanƙance yadda zai shiga ba. Sai masu ƙira suka ɗan ƙara girman jiki zuwa kashi 1 cikin 76, suka bar layi a 16.5. Ka ga jiki ya girmi ƙafafu ke nan. In aka raba da ainihin ma'aunin OO, wato 76.2, lissafi ya ce kamata ya yi layin ya zama milimita 18.83. Wallahi akwai mutanen da wannan ratar ta milimita biyu da ɗoriya ta hana su sakat, har suka kafa ƙungiyarsu daban, suna shimfiɗa layinsu da hannu, suna sake ƙafafun kowane tarago ɗaya bayan ɗaya. Ni ban kai can ba, OO nake yi, amma ina girmama su, don mutumin da ya ƙi yarda da "ai ya yi kusa" a kan milimita biyu, haka za ka same shi a duk aikin da ka ba shi.

Mu a tamu ƙungiyar, dare ɗaya muke haɗuwa a mako, a wani ɗaki da muke haya. Kowa na biyan kuɗin shekara. Akwai tsohon direban jirgi, akwai kafinta, akwai wanda ya yi ritaya daga aikin lantarki, akwai likitan haƙori wanda shi ya fi kowa iya fentin ƙananan mutane. Aiki a rabe yake ba tare da an raba ba. Wani katako, wani wayoyi, wani gine-gine da kwali, wani itatuwa. A kashe tukunyar shayi, a sake ɗorawa, a yi ta gardama a kan wane kore ne ainihin koren da wani kamfanin jirgi ya shafa kafin yaƙin duniya na biyu.

Aikin da aka fara ba ni shi ne zuba tsakuwar layi. Tsakuwar kamar yashi take. Za ka zuba da cokali, ka bi da ɗan buroshi kana share ta daga kan katakan da ke ƙarƙashin layi, ƙwaya ɗaya ba a so ta hau. Sai ka fesa ruwa sama-sama, don in ka fesa kai tsaye duk za ta tarwatse. Sannan ka dama farin gam da ruwa, ka ɗiga sabulun wanke-wanke ɗigo ɗaya, shi ke sa gam ɗin ya nutse maimakon ya taru a sama, ka bi da sirinji kana ɗigawa. Ka kauce wa inda layi ke rabuwa, don in gam ya shiga nan ya bushe, ya ƙame ke nan. Dare guda za ka ƙare ba ka wuce kamu uku ba. Dattijon da ya koya min, hannunsa ya fara rawa, ba ya iya riƙe ƙarfen liƙa dalma kuma. Sai ya zauna gefena yana cewa ɗumama layin tukuna, kada ka ɗumama dalmar, bari layin ya narkar da ita da kansa. Ya fi shekara hamsin yana wannan aiki, kuma abin da yake nema kawai hannun da zai karɓa.

Nan ne maganar yaronka ta shigo, kuma nan ne na fi so ka ji ni. Ƙungiyoyin nan tsufa suke yi. Baje kolin da a da ya fi kowanne suna a ƙasar nan shi ne na ƙungiyar Warley, wanda aka yi ta yi a babban zauren NEC na Birmingham shekara da shekaru, dubban mutane na zuwa. Na ƙarshe a wannan zauren an yi shi a 2023, kuma cikin dalilan da suka bayar har da tsufan masu aikin sa kai. A farkon 2024 kuma babban kantin nan na ƙananan jiragen ƙasa, Hattons, wanda aka kafa a Liverpool tun 1946, ya rufe. Don haka dattijon da ya miƙa wa ɗanka takarda, ba kuɗin ƙofarka ya dame shi ba. Ya ga yaro mai tsayawa ya kalli abu ne. Yaron da ya shiga hannun irin waɗannan mutane, kafin ya gama sakandare ya san awo, ya san raba lamba da ma'auni ba don jarrabawa ba, ya san me ke sa waya ta yi zafi, ya iya zarto da dalma. Yanzu ma da yawa daga cikin jiragen da kwamfuta ake sarrafa su: ana sa ɗan guntun na'ura a cikin kowane kan jirgi, a ba shi lamba, wuta ɗaya na kan layi amma kowanne na jin umarninsa shi kaɗai, har ƙarar tururi da usur yana yi. Yara sun fi dattawan saurin gane wannan, sai ka ga koyarwar ta zama ba ni in ba ka.

Mu da muka tashi muna ƙera motar kara da ta langa-langa, muna yanka tsohon silifa mu yi taya, bai kamata abin ya zame mana baƙo ba. Hannu ɗaya ne. Bambancin, mu da mun girma aka ce mu bari, su kuwa suka ba abin ɗaki da ma'aji da mujalla. Ƙungiyar da ake kira The Model Railway Club a Landan tun 1910 take, kuma tana nan da gininta kusa da tashar King's Cross. Mujallar Railway Modeller tun 1949 ake buga ta.

Hajiya, ga abin da ya sa na ce ba rashin aikin yi ba ne. A watan Mayun 2019, ƙungiyar Market Deeping ta shirya baje kolinta a zauren wata makaranta a garin Stamford. Sun jera komai da yamma suka tafi gida. Cikin dare wasu samari suka fasa suka shiga, suka ragargaza kayan, aikin da wasu suka yi shekaru da dama suna yi. Ƙungiyar ta roƙi taimakon fam 500 a intanet. Abin da jama'a suka tara ya haura fam 100,000. Mawaƙin nan Rod Stewart, wanda shi ma ya daɗe yana gina nasa a gida, ya ba da fam 10,000. Mutanen da ba su taɓa riƙe ƙaramin jirgi ba sun sa hannu a aljihu, don sun san abin da aka fasa rayuwar mutane ce a ciki.

Akwai kuma wani wuri kusa da Oxford, gidan tarihi na Pendon. Wani ɗan Ostareliya, Roye England, ya zo ƙasar nan yana saurayi, ya ga ƙauyukan wannan yanki da rufin ciyawarsu suna canzawa a gaban idonsa, sai ya shiga auna gidajen yana gina su da kwali, don a san yadda suke a shekarun 1930. Ya rasu, wasu suka ɗora, aikin bai tsaya ba. Duk lokacin da na tuna wurin nan sai Kano ta faɗo min a rai. Layin dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙaurar Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri a 1964. Akwai ma ɗan siririn layi da ya tashi daga Zariya ya hau tudun Jos saboda kuza, aka rufe shi a 1957. Dalar gyaɗa a gefen layi, 'yan dako da buhu a ka, taragai a jere suna jiran lodi zuwa Legas, duk wannan iyayenmu sun gani da idonsu, jikokinsu kuwa sai a hoto mara launi. A duk baje kolin da na je, na ga tashoshin Siwizalan, na ga na Amurka, na ga na Indiya, ban taɓa cin karo da tashar Kano ko mahaɗar Kafanchan ba. Kuma abu ne mai yiwuwa. Tsohon layinmu faɗinsa milimita 1067 ne, in ka raba da 87 ya ba ka 12 da ɗan ɗori, kuma ana sayar da layi mai milimita 12 a kasuwa. Na fara tara hotuna, na kuma fara gwada yin buhunan gyaɗa da yumɓun roba. Duk wanda ke da tsohon hoton tashar garinsu a akwatin mahaifinsa, don Allah ya ɗauka ya turo min, ko da ya dushe.

In wata rana hanya ta kai ku Hamburg ta Jamus, akwai wani katafaren gidan kallon ƙananan jirage, Miniatur Wunderland, da wasu tagwaye, Frederik da Gerrit Braun, suka buɗe a 2001. Layinsa ya haura kilomita 16, da filin jirgin sama inda ƙananan jirage ke tashi suna sauka, kuma duk minti 15 dare na yi gari na wayewa. Abin kallo ne ƙwarai, amma kasuwanci ne. Na zauren makaranta ya fi shi wani abu guda: wanda ya gina abin yana tsaye a bayansa, kuma jira yake a tambaye shi.

To ga yadda za ka yi ranar Asabar. Ku je da wuri, kafin a cika. Ka riƙe tsabar kuɗi, kuɗin shiga irin wannan ƙaramin taro ba shi da yawa, yara kuma akan rage musu. In yaron gajere ne ka ɗauki ɗan abin takawa, don teburan suna da tsayi. Ka ja masa kunne tun a gida: ido ke kallo, hannu na aljihu, sai an ce ya taɓa. Sau da yawa akwai tebur guda da aka ware wa yara su tuƙa da kansu. Ku leƙa bayan labule ma in an ba ku izini, nan ake jera jiragen da ke jiran fitowa, kuma nan zai ga wayoyin da ke ƙarƙashin katako. Abinci ku tafi da naku, don abin da aka fi sayarwa a irin wuraren nan burodi ne da naman alade, sai shayi da kek. Za a kuma zo maka da tikitin cankar kyauta, ka ce na gode kawai, in kana so ka taimaka akwai gwangwanin gudummawa.

Kada ka sayi sabon kan jirgi ranar farko, ko ya yi kuka. Sabo yakan haura fam 100. Akwai teburan kayan hannu, ka sa maƙwabcin naka ya zaɓar muku, a gwada shi a kan layi a gabanka kafin ka biya. In yaron ya ce yana son shiga ƙungiyar, yawanci za su ce sai da uba ko uwa a tare, kuma haka ya dace, kai ma ka zauna ka ga waɗanda ɗanka ke hulɗa da su.

Ka turo min sunan makarantar ta waya, in Allah ya yarda in na tashi aiki da wuri zan biyo ku, in zo masa da wani tarago da nake da shi biyu. A gaida mai ɗakin naka da yaran. Sai da safenku.