Indiana Pacers babu Haliburton: akwai sauran rabo a kakar 2025/26?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni magoyin bayan Indiana Pacers ta gasar ƙwallon kwando ta NBA ne, da mu aka riƙa raba dare a gidan kallo lokacin wasannin ƙarshe da Oklahoma City. Shin Tyrese Haliburton zai dawo kafin kakar 2025/26 ta ƙare? Idan bai dawo ba, za mu iya shiga wasannin fidda gwani? Daga mai karatu, Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka cire rai da ganinsa a kakar 2025/26, domin kulob ɗin da kansa ya sanar cewa ba zai buga kakar ba. Agararsa ta ƙafar dama ce ta tsinke tun a zubin farko na wasa na bakwai, ranar 22 ga Yuni 2025, wasan da Oklahoma City Thunder ta ci 103 da 91. Dama da ciwon sha-raɓa ya shiga fili. Haka ta faru da Kevin Durant a 2019: sha-raɓa ta fara ciwo, ya dawo a wasa na biyar da Toronto, agara ta tsinke, bai sake buga gasa ba sai Disamba 2020.

Agara ita ce jijiyar da ta haɗa naman sha-raɓa da ƙashin dunduniya, kuma a kanta tsalle da zabura da taka birki suke. Jini ba ya wadatar ta sosai, shi ya sa take jinkirin warkewa. Bayan tiyata ana sa ƙafar cikin takalmi na musamman mai ɗaga dunduniya na makonni, sannan a riƙa ƙara mata nauyi kaɗan-kaɗan. A wannan zaman sha-raɓa take ramewa, kuma dawo da ƙarfinta ne ke cin watanni. Idan aka yi gaggawa, jijiyar tana iya sake tsinkewa, ko ta warke a saki, ta ƙara tsawo, ɗan wasa ya rasa zaburarsa ta da. Yawanci ana ɗaukar wata tara zuwa shekara, wani lokaci fiye.

Batun gurbi kuwa, ƙofa ba ta rufe ba. Ƙungiyoyi 15 ne a yankin Gabas, inda Pacers take, kowacce wasa 82. Shida na sama suna wucewa kai tsaye. Ta bakwai da ta takwas su kara, wadda ta ci ta wuce. Ta tara da ta goma su kara, wadda ta sha kashi ta koma gida, wadda ta ci ta haɗu da wadda ta faɗi a wasan farko don gurbin ƙarshe. Miami ta bi wannan hanya a 2025 daga matsayi na goma, da nasara 37 kacal. Ga Boston ta rasa Jayson Tatum a Mayu 2025, Milwaukee ta sallami Damian Lillard a Yuli, duka saboda agara, don haka Gabas ta yi sauƙi.

Sai dai a ganinmu giɓin Pacers ya fi yadda magoya baya suke zato. Nasara 50 da suka yi a kakar 2024/25 ta tsaya ne a kan gudu da yawan miƙa ƙwallo ba tare da zubar da ita ba, kuma Haliburton ne ke juya wannan, da taimakon cin kwando sama da tara a kowane wasa. Andrew Nembhard zai karɓi ragama, amma shi ne kuma ke tsare gwanin abokan hamayya. Idan aka ɗora masa kaya biyu, ɗaya zai yi rauni. Ga Myles Turner ya koma Milwaukee, kuma ba a cika maganar wannan ba. Turner yana kare bakin kwando, yana kuma jefa ta maki uku, abin da ke tilasta wa dogon abokan hamayya fitowa waje, hanya ta buɗe wa Pascal Siakam. Siakam ɗin nan ɗan Kamaru ya san daɗin kofi, ya ɗaga shi a Toronto a 2019 lokacin da Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, yake shugabancin kulob ɗin. Amma shi kaɗai ba zai cike wurin mutum biyu ba.

Ka bar su su buga kamar wasa 20 kafin ka yanke hukunci, kana lura da yawan ƙwallon da suke zubarwa da makin da ake ci musu a ƙarƙashin kwando. Shida na sama zai yi wuya; tsakanin na takwas da na goma ne abin da koci Rick Carlisle zai iya nema. Idan kuma suna ƙasa lokacin da za a rufe kasuwar 'yan wasa a Fabrairu, kada ka yi mamaki in shugabanni suka sassauta, domin a Yuni 2025 sun karɓo haƙƙinsu na zaɓen matashin ɗan wasa a zagayen farko na 2026 daga New Orleans, kuma ƙungiyar da ta ƙare a ƙasa ce ta fi samun damar zaɓe da wuri.